Kwalin Darfur

A al'adarmu matafiyi ne ke ɗauke da nauyin tsaraba. Alhaji ya dawo da dabino da zamzam da carbi, ɗan ci-rani ya dawo daga Ikko da atamfa da rediyo, kai ko kasuwar Mai'aduwa mutum ya je ranar Lahadi sai yara sun tare shi a zaure suna leƙen aljihunsa. Na gida ba ya bin na daji da komai sai addu'a. Saboda haka ranar da muka tashi juya al'adar, muka ce mu ne za mu yi wa matafiyi aike, ba mu da wata ƙa'ida a hannu sai wadda muka gada ta biki: kowa ya kawo nasa, a rubuta sunansa da abin da ya kawo. Ni na riƙe biron. A 2007 ne, matafiyin kuwa ɗan ƙanin mahaifina ne, kofur a sojan ƙasa, wanda aka tura Darfur.

A gida ba mai kiran sunansa na yanka, Soja ake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Da suka gama horon da ake yi wa masu fita aikin kiyaye zaman lafiya a Jaji, aka ba shi 'yan kwanaki, ya ɗauko matarsa daga bariki ya kawo ta Dutsi wurin mahaifiyarsa, don cikinta ya soma tsufa. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Ni ne babba a 'ya'yan gidan, ni ne kuma mai albashi, ina koyarwa. Na raka shi har Shargalle inda zai sami motar Katsina. Ya sa ƙafa ɗaya a mota ya juyo ya ce, "To Yaya, ga gida nan." Na ce, "Haba, kada ka ji komai, Allah Ya tsare hanya." Na ɗauke ta sallama irin ta kowane matafiyi, alhali amana ce aka ɗora mini a gaban direba da kwandasta.

Abin da ke zukatanmu a lokacin, in za a faɗi gaskiya, dala ce. A majalisa idan aka ce "Soja ya tafi waje", ana faɗa ne da irin muryar da ake cewa wane ya samu kujerar Makka. Labari ya bazu cewa Majalisar Ɗinkin Duniya tana biyan kowane soja sama da dala dubu a wata. Maganar tana da tushe: a shekarun nan dala 1,028 take biya a kan kowane soja. Amma gwamnatin ƙasar da ta ba da sojan ake biya, ita kuma ta san abin da za ta ba shi da lokacin da za ta ba shi. Mu ba mu tsaya nan ba. A lokacin dala tana tsakanin naira 120 da 130, mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya naira 7,500, sai kowa ya buga lissafinsa ya ga Soja ya zama Alhaji tun bai dawo ba. Abin da ya fi haka, rundunar da yake ciki ma ba ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ce. Ta Tarayyar Afirka ce, wadda ake kira AMIS, da aka fara turawa a 2004, dakaru kusan 7,000 a yankin da ya kusa girman ƙasar Faransa. Da kuɗin masu ba da agaji take tafiya, musamman Tarayyar Turai, kuma sanannen abu ne cewa sojojinta kan yi watanni ba su ga alawus ba. Sai ranar 31 ga Disamba 2007 aka mayar da ita rundunar haɗin gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk wannan ana faɗa a rediyo, ni kuwa ba na fashin labaran safe da na dare. Na ji, amma ban taɓa haɗa shi da ɗan'uwana ba.

Ana saura 'yan makonni azumi sai saƙo ya zo cewa wani abokin aikinsa ya dawo gida ta'aziyya, zai koma, idan akwai wasiƙa a kai masa bariki. Wasiƙa aka ce. Ni na mayar da ita kwali.

Na bi dangi gida-gida, na bi maƙwabta, na bi abokan ƙuruciyarsa. Mai ɗari biyu ya ba da, mai ɗari biyar ya ba da, mata suka kawo abin hannunsu. Aka sa mahauci ya yi kilishi na musamman, mai yawan tunkuza. Aka daka yaji, aka tankaɗe kuka da busasshiyar kuɓewa, aka ƙulla daddawa, aka kawo tsamiya don kunun azumi, da zoɓo, da dakuwa, da ƙuli-ƙuli, da man shanu a gwangwanin madara, da farin goro an naɗe shi a ganye an yayyafa masa ruwa. Daren da za a ɗaure kwalin muka taru a zaure bayan lisha, na ɗaga fitila ina karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa na jin nasa. Aka yi ta cewa, "Kai, Malam ya yi ƙoƙari, haka ake son babba." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata, kuma ina jin tun daga wannan daren kwalin ya tashi daga na Soja ya koma nawa.

Sannan na zauna na rubuta wasiƙa. Na ce kowa lafiya, gida lafiya lau, damina ta yi kyau, kada ya sa komai a ransa. Bayan haka na kwafe sunayen nan kaf, shafi biyu, kowane suna da adadin abin da ya bayar, wai don ya san masu ƙaunarsa. A ƙarƙashin wasu sunayen na ƙara ɗan saƙon da suka ba ni. Wannan yana son jallabiyar Sudan. Waccan tana son humra da lalle. Wani saurayi yana son waya mai kyamara. Wani dattijo ya ce ko rawani ne. Kowane na rufe shi da "idan da hali", na ɗauka kalmomin nan uku sun wanke ni.

Ana shirin ɗaurewa Inna, mahaifiyarsa, ta aiko jikanta da laya guda da kaset. Ta sa an ɗauki muryarta a rediyon maƙwabta, kamar yadda tsofaffinmu da ba su rubutu suka saba aika wa 'ya'yansu da ke Makka ko Kurmi. Na tura kaset ɗin a gefen kwalin ban saurara ba.

Ga abin da ke faruwa a gidan da na rubuta cewa lafiya lau yake. Ruwan Agusta ya kayar da bangon gabas na ɗakin matar Soja, ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Inna da jariri a hannu. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka kai ta asibiti a Daura, kuɗin da ya bari don ragon suna a can suka ƙare. Ragon da muka ci ranar suna, awakinta biyu ta sayar aka saya. Gonarsa an yi mata noman farko, maimai ya gagara don babu kuɗin 'yan ƙwadago, taki kuwa ba a ma yi zancensa ba. Ta gefen gonar nan nake wucewa a kan babur kullum in zan tafi makaranta. Na ga gero ya yi ja, ciyawa ta kamo shi, na ce a raina bana ƙasar wajen ba ta yi ba.

Idan aka tambaye ni dalilin da ban sani ba, amsar da na daɗe ina ba kaina ita ce kunya. Wan miji ba ya zama ya tsare matar ƙaninsa da tambayar me kika ci, me ya rage a rumbu. Ita ma ko wuƙa aka sa mata ba za ta buɗe baki ta ce mini babu ba. In na shiga gaida Inna, daga bayan ƙyaure take cewa, "Yaya, ina wuni," shi ke nan. Al'ada ce, kuma mai kyau ce. Amma ina da mata, ina da ƙanne mata, kowace cikinsu za ta iya shiga ɗakin ta fito mini da labari cikin rabin sa'a. Ban aika kowa ba. Na iya bin gida talatin neman kuɗin kilishi, gida ɗaya da aka ba ni amanarsa ban tambaya ba. Kuɗin da muka tara ya isa a tayar da bangon, a yi maimai, har a sami canjin buhun taki.

Shi kuwa kwalin, tun a bariki aka fara rage shi. Soja mai komawa bakin aiki yana da nasa kayan da iyakar nauyin da za a bar shi ya hau jirgi da shi, bawan Allah nan bai yi tsammanin za a kawo masa abin da sai mutum biyu sun ɗaga ba. Ya ɗauki abin da zai iya. A zafin hanya man shanu ya narke ya bi ta cikin kuka da dakuwa. Goro ya bushe ya yi baƙi. Kilishi ne ya isa da mutuncinsa, shi ma a dare ɗaya 'yan tantinsu suka gama da shi, kuma wannan ban ji haushinsa ba. Abin dariyar sai daga baya Soja ya ba ni: kuka da busasshiyar kuɓewa da tsamiya da zoɓo duk ga su tuli a kasuwar garin da ke kusa da sansaninsu. Mutanen Darfur masu cin tuwon gero ne da miyar yauƙi kamar mu. Ƙasar tana kan tsohuwar hanyar alhazan ƙafa, wadda ta bi ta Barno da Abeshe ta shiga Janaina da Fashir, kuma tun kafin jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru su yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, Hausawa ke bi suna zama a Sudan. Ya ce akwai ranar da ya sayi tsire a hannun wani da ya yi masa ciniki da Hausa tsantsa. Ni da nake koya wa yara taswira, na aika tsamiya Darfur.

Ba mu muka fara wannan kuskure ba, kuma waɗanda suka riga mu sun koyi tambaya kafin aike. A 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, Gimbiya Mary, 'yar Sarkin Ingila Joji na Biyar, ta buɗe asusun aika wa kowane soja ɗan akwatin tagulla na Kirsimeti. Galibi taba da sigari ke ciki, amma an ware wa marasa shan taba nasu da takardar rubutu da alewa, sojojin Indiya kuma aka sa musu alewa da kayan ƙamshin girki gwargwadon abin da addininsu da al'adarsu suka yarda da shi. Wani ya zauna ya yi tunanin mai karɓa. A shekarun yaƙin Afganistan kuwa, ma'aikatar tsaron Birtaniya kusan kowace shekara sai ta roƙi jama'a su daina aika kwalaye ga sojojin da ba su sani ba, domin kayan suna cinye gurbi a jirage suna jinkirta wasiƙun iyali, waɗanda su ne sojan ke jira. Ta ce mai son taimako ya ba ƙungiyoyin da ke kula da sojoji da iyalansu.

Ranar 29 ga Satumba 2007, ana cikin azumi, jim kaɗan bayan shan ruwa, 'yan tawaye suka afka wa sansanin AMIS da ke Haskanita. Masu kiyaye zaman lafiya goma aka kashe a harin, bakwai daga cikinsu 'yan Nijeriya, wasu biyu suka cika daga baya. Janar Martin Luther Agwai ne kwamandan rundunar a lokacin. Rediyo ya faɗi adadi bai faɗi sunaye ba. Ba a sansanin nan Soja yake ba, amma mu ba mu da yadda za mu sani. Inna ta daina cin abin sahur sai ruwa. Matarsa ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta dai daina magana. Ni kuma na yi ta yawo da waya a hannu ina neman inda sabis ya fi ƙarfi.

Da ya samu ya kira, ta wayar tauraron ɗan'adam ce ta wani hafsa, an ba shi ɗan lokaci kaɗan. Na ce, "Alhamdu lillahi! Kana lafiya? Kwali ya iso?" Ya ce, "Ya iso, an gode. Yaya, an gyara ɗakin?"

Ban rubuta masa zancen ɗaki ba. Kaset ɗin Inna ne. Tsohuwa ta zauna gaban rediyo ta yi masa hira yadda za ta yi da yana zaune a gabanta: ta sa masa albarka, ta ba shi labarin jariri da wanda ya yi kama da shi, ta yi ƙarar akuyar maƙwabta, ta faɗi bango, ta faɗi awaki, ta faɗi gona. Ba ƙarata ta kai ba, ita ba ta ma san ana ɓoyewa ba. Mutum yana zaune a tanti, bindiga a gefensa, a hannu ɗaya wasiƙar wansa mai cewa lafiya lau, a kunnensa muryar uwarsa. Na ce masa, "Ana kai." Ƙarya ce, ko tubali ɗaya ba a buga ba. Bayan salla na nemo magina da kuɗina, na sa matata ta riƙa shiga gidan. Gero kam ya riga ya tafi.

Na ɗauka iyakar laifina ke nan, har na soma yafe wa kaina.

A farkon 2008 ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, da manyan jakunkuna. Duk wanda sunansa ke takardar nan sai da ya sami abu. Mai jallabiya ya samu, mai humra ta samu, dattijo ya naɗa rawaninsa ya tafi masallacin Juma'a da shi, saurayi ya sami wayarsa. Gari ya ɗauka: Soja ɗan halak ne, bai manta kowa ba. Ni ma an ba ni yadi mai tsada, na kai ɗinki.

Watanni bayan haka, a watan Yuli, labari ya zo daga Akure cewa sojojin da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya sun fito kan titi sun tare hanya, suna neman alawus ɗinsu da suka ce an danne. Soja ya zo gida hutu a lokacin. Muna majalisa wani ya ce sojojin nan haɗama ce ke damunsu, ni kuma na karɓe da cewa ai ga namu nan, an biya shi tsaf, kowa ya shaida. Bai ce uffan ba. Da aka watse ya ce, "Yaya, in ba ka gaji ba mu ɗan taka."

A bayan makarantar firamare ya ciro takarda daga walat ɗinsa. Rubutuna ne, man shanu ya ɓata gefe ɗaya. Kowane suna an yi masa alama da jan biro.

Ya ce, "Wallahi na ji daɗin kilishin nan, kada ka ce ban gode ba. Amma da na buɗe takardar nan ban yi barci ba. Wanda ya ba da ɗari biyar, ai ba zan kawo masa abin ɗari biyar ba, kai ma ka sani. Na yi ta lissafi a ƙasa da tsinke, ga shi a lokacin wata na uku ke nan ba a ba mu ko sisi ba." Har ya dawo, wani kaso kawai na kuɗinsa ya shigo hannunsa. Sauran tsarabar bashi ya ci a wurin wani ɗan kasuwa a mami, kasuwar bariki, ana cira daga albashinsa duk wata. Jallabiyoyin Sudan kuwa a Kantin Kwari ya saye su, ranar da ya sauka Kano. Humra ce kaɗai ta fito daga Sudan da gaske.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini?" Ya ce, "Yaya, kai ka rubuto. In ce maka me?"

Na ce zan biya bashin. Ya ƙi, ya ce ya kusa ƙarewa, kuma in na biya magana za ta fita, waɗanda suka karɓi tsaraba su ji kunya, su kuwa ba su yi laifin komai ba. Gaskiyarsa. Sun ba da abin da suke da shi da zuciya ɗaya, yawancinsu ba su ma san na aika da adadi ba. Kowa ya san ƙa'idar biki: abin da aka kawo miki ranar taki, za ki mayar da fiye da shi ranar tata, shi ya sa ake rubutawa. Littafin biki littafin bashi ne, sai dai bashi ne tsakanin mutanen da ke zaune gari ɗaya, kowa na ganin halin da ɗan'uwansa ke ciki, ana iya ɗaga wa juna ƙafa. Ni na ɗauki wannan littafi na aika wa mutumin da ba ya da tabbacin zai ga safiya, wanda ba shi da hanyar cewa a yi masa haƙuri.

Sojojin Akure kuwa, kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a Afrilun 2009, lauya Femi Falana ne ya tsaya musu, daga baya aka rage hukuncin zuwa shekara bakwai. Duk lokacin da aka ambace su sai na tuna abin da na faɗa a majalisa, in yi tunanin takardu irin tawa nawa ke cikin walat ɗinsu ranar da suka fito titi.

Abin da ya ƙara ba ni haushin kaina shi ne ƙasar Katsina da Daura ba baƙin wannan al'amari ba ne. Kakanninmu sun je yaƙin Bama. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen aiki a bataliyoyinsu na Nijeriya, sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Sunayen wuraren suna nan a barikokinmu har yau: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan a Ikko. A Kaladan babu hanyar mota, ta sama ake jefa wa runduna ta 81 abinci da harsashi da laima. A gida an kafa asusun aika wa sojoji ɗan abin jin daɗi. Amma a 1944, shekarar da ya hau gadon sarauta, Sarkin Katsina Usman Nagogo, mahaifin Janar Hassan Usman Katsina, ya tashi da kansa ya je Indiya da Bama ya ga sojojin. A ganina abin da Sarki ya kai musu, wanda jirgi ba ya iya jefowa, shi ne fuskar wanda garuruwansu da gonakinsu da iyalansu ke hannunsa, mutumin da za a iya tambaya yaya gida, kuma in ya koma yana da ikon yin wani abu a kai. Daga Kwango a 1960 zuwa Labanan, zuwa Laberiya da Saliyo a zamanin ECOMOG, babu zuriyar da ba ta ga an tafi da 'ya'yanta ba. Ya kamata a ce mun ƙware.

Malamanmu ma ba su bar mu a duhu ba. Hadisin Zaidu bin Khalid da ke cikin Buhari da Muslim ya haɗa mutum biyu a lada ɗaya da mayaƙi: wanda ya shirya shi, da wanda ya tsaya wa iyalinsa da alheri a bayansa. Ana kuma ba da labarin Sayyidina Umar, da ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta cikin dare, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, sannan ya sa wa'adin da ba za a riƙe soja a fagen daga fiye da shi ba. Malamai su ne za su faɗi wane yaƙi ne ya shiga hukuncin hadisin, ba ni ba. Abin da na ɗauka kawai shi ne tun farko an san rabin soja yana gida. Na san hadisin tun ina makarantar allo ta dare, na zaɓi rabin da ake gani a zaure.

Yau kaset ya wuce, kwali ma ya ragu. Sojan da ke Abiye ko Gambiya ko tsibiran Tafkin Chadi yana da waya a aljihu, ana iya tura masa kati, shi ma yana iya turo kuɗi cikin minti ɗaya. Ta wani ɓangaren an samu sauƙi, uwa tana ganin fuskar ɗanta. Ta wani ɓangaren kuwa takardata ce ta koma saƙon murya a WhatsApp, kuma ba sau ɗaya take zuwa ba, kullum ne: kuɗin magani, kuɗin makaranta, gudummawar auren wane, duk a kan mutumin da ke gadi cikin dare. Mun kuma ga abin ta ɗaya fuskar, tunda yanzu jiharmu ce ake turo wa 'ya'yan wasu. Yaron da ke tsaye a shingen Jibiya ko Batsari ko Faskari, wata tsohuwa a Binuwai ko Kuros Riba tana kwana da rediyo saboda shi. Kowace 15 ga Janairu manya suna saka furanni, kafin ranar kuma a sayi tambarin tunawa da mazan jiya da kuɗi masu nauyi a gaban kyamara. Ba na raina wannan. Amma duk mai son sanin inda kuɗin ya fi amfani, ya je bariki ya nemi magajiya, shugabar matan sojoji, ya tambaye ta gida nawa ne ba a ɗora tukunya ba jiya. Tana da lissafin a ka.

Shekarun baya kaɗan aka tura ɗan wani maƙwabcinmu waje, sai 'yan unguwa suka zo wurina, wai ni ne na san kan haɗa kwali. Na ce a fara aika mata su zauna da matarsa da uwarsa. Abin da suka dawo da shi ba mai daɗin karantawa a zaure ba ne: kuɗin makarantar yara biyu, wanda zai riƙa kai tsohon gidan asibiti Daura duk wata a karɓo maganin hawan jini, da hannun da zai yi maimai. Na ce kuma ba za a rubuta sunan kowa ba, ba za a gaya wa yaron wa ya ba da me ba, za a dai gaya masa gaskiyar abin da aka yi da abin da ya gagara. Wani dattijo ya ce bai taɓa jin gudummawar da ba a san mai ita ba sai ta ɓarawo, aka yi dariya, amma da gaske yake, kuma ba shi kaɗai ba ne. Waɗanda suka sa hannu ba su kai rabin na 2007 ba. Samari suka yi gayya a gonar, wani mai babur ya ɗauki nauyin kai tsoho asibiti in an zuba masa mai. Kuɗin makaranta zango ɗaya muka iya biya, na biyun sai da yaron ya turo.